Inuwar giginya: amsa ga magidancin da ya zama baƙo a gidansa

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni akanta ne a aikin gwamnati, shekaruna 43. Iyalina suna cikin garin Katsina, ni kuwa shekara huɗu ke nan da aka tura ni Daura. Nakan tafi Litinin da asuba, in dawo Juma'a da magariba. Matata malamar firamare ce, 'ya'yanmu uku, mahaifiyata kuma tana tare da mu, tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa. A ikkilisiyarmu ni ne ma'aji shekara bakwai, ina cikin dattawa, ina cikin mawaƙa. Ran Juma'a ina ajiye jaka sai wurin koyon waƙa, awa biyu. Asabar taron dattawa daga tara zuwa ɗaya, da yamma biki ko ta'aziyya ko Zumuntar Maza, da dare in zauna kan littafin kuɗi. Lahadi in fita ƙarfe bakwai, ba na dawowa sai uku saboda ƙirga baiko, da yamma kuma ziyarar marasa lafiya. Makon jiya maƙwabcinmu, wani Alhaji mutumin kirki, ya tare ni yana yi mini jaje, wai an dakatar da babban ɗana mai shekara 14 daga makaranta na mako biyu saboda faɗa. Har ya koma ban sani ba. Da na tambayi matata sai ta ce, "Yaushe na gan ka da zan faɗa maka?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba yawo nake yi ba, ba na shan giya, ba na neman mata. Abinci nake nema musu, sauran lokacin kuma aikin Allah nake yi. Yanzu Fasto yana so in riƙe kwamitin gini. Shin in bar aikin gwamnati in dawo gida, ko yaya zan sa matata ta gane cewa hidimar Ubangiji sai da haƙuri?

Baban uku, Katsina

Ƙanena, na amsa gaisuwarka. Ubangiji ya ba Mama sauƙi, ya shirya mana yaran nan.

Tambaya biyu ka yi. Ta farkon ba ta da wuya, bari mu sallame ta tukuna: kada ka bar aikinka. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, ba magidancin da bai san yadda kwanon masara da kuɗin mota suka koma ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Ku shida ne ke ci daga tukunyar gidanka, ga maganin hawan jini duk wata, ga kuɗin makaranta duk zango, albashin malamar firamare kuwa ba zai ɗauki wannan jinkar shi kaɗai ba. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba, balle mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8), shi kansa kuma ɗinkin tanti ya yi a Koranti don kada ya zama wa kowa kaya. Aikin da kake yi a Daura ba laifi ba ne, kuma ba shi ne ɓarawon da ya shiga gidanka ba.

Ta biyun ce ka ɗauko ta a kife. Kana neman hanyar da za ka koya wa matarka haƙuri. Matar da take tashi da duhun asuba ta dafa wa yara uku, ta ba surukarta magani, ta je ta tsaya gaban 'ya'yan mutane har rana ta take, ta dawo ta hura wuta, kwana biyar a mako ba miji, shekara huɗu cur. In ana buɗe makarantar haƙuri a Katsina, ita za a ba shugabanci, ni da kai mu zauna a benci.

Kai mutumin lissafi ne, to mu yi lissafi da alƙaluman da ka ba ni da hannunka. Daga magaribar Juma'a zuwa lokacin kwanciya ran Lahadi, idonka biyu na kamar awa 36: huɗu a daren Juma'a, goma sha shida Asabar, goma sha shida Lahadi. Koyon waƙa ya ci biyu. Asabar taron dattawa huɗu, fitar yamma a ce huɗu, littafin kuɗi biyu, goma ke nan. Lahadi daga bakwai zuwa uku takwas, ziyara a ce uku, sha ɗaya. Jimla 23. Saura 13, kuma a cikin 13 ɗin nan ne za ka yi wanka, ka ci abinci, ka rama barcin mako, ka je aski, ka amsa wayar membobi. Abin da ya rage wa mace ɗaya da yara uku da tsohuwa, in aka raba musu, ko kuɗin goro bai kai ba. Da a ofis aka kawo maka irin wannan kasafi, da ba ka sa hannu ba.

Don haka maganar da ta faɗa maka ba rashin kunya ba ce. Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ka amsa ta ba a wasiƙarka: yaushe ta gan ka? Akwai ma abin da ya fi wannan. Cikin mako biyun da yaron yake gida, ka kwana a gidan nan aƙalla dare uku. Yaron yana gabanka, ya gaishe ka, wataƙila shi ya wanke maka takalmin Lahadi, ba ka ga komai a fuskarsa ba. Alhaji da ke bayan katanga ya gani. Ita kuwa uwarsa ita ta je ta tsaya gaban shugaban makaranta, ta sha kunya, ta ba da haƙuri, ta dawo ta haɗiye. Na san za ka ce ai akwai waya. Ka tuna yadda wayarku take: "Lafiya? Kuɗin ya shigo? Yaya Mama? To sai anjima." Ba a zuba irin wannan labari cikin minti biyu.

Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne shirun nata. Macen da take mita tana da sauran sa rai, tana ƙwanƙwasa ƙofa ne ko za a buɗe. Wadda ta daina, ta koyi tafiyar da gida ba da kai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Hausawa suna da suna ga mutum irinka, ka yi haƙuri in faɗa: inuwar giginya, na nesa ka sha. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin giginya da tsakar rana ya san maganar. Itace ne dogo, kyakkyawa, ana hango shi daga nesa, amma wanda ya raɓe shi rana ce ke dukansa, inuwar tana can ta faɗa gonar wani. A ikkilisiya ana cewa ba kamar ma'aji, ba ya gajiya, ba ya cewa a'a. Marasa lafiyar unguwa suna ganinka duk Lahadi da yamma, kana riƙe da Littafi, kana yi musu addu'a. Mai ciwon da ke kwance a ɗakin da ke kusa da naka, wadda ta haife ka, yaushe rabon da ka zauna bakin gadonta awa guda?

Ka ce ba ka shan giya, ba ka neman mata. Madalla, na yarda, kuma ban raina ba. Sai dai wannan shi ya sa ciwon gidanka yake da wuyar magani. Da giya ce, da matarka ta san inda za ta kai ƙara: wurin Fasto da dattawa. To yanzu ta kai ƙarar wa, wurin wa? Kishiyar tata ita ce ikkilisiya, alƙalan kuma su ne masu cin moriyar rashinka a gida. In ta buɗe baki a ce ba ta da ruhaniya, tana hana mijinta aikin Allah. Ka rufe mata baki da sunan da ba ta isa ta ja da shi ba.

Ubangijinmu ya san wannan dabarar, har sunanta ya kira. A Markus sura 7 ya tsawata wa Farisiyawa a kan abin da ake kira Korban. Mutum yana da abin da zai taimaki iyayensa da shi, sai ya ce ai na keɓe wa Allah, shi ke nan ya kuɓuta, ba mai tuhumarsa. Yesu ya ce da haka suke soke maganar Allah saboda al'adarsu. Su da dukiya suka yi. Kai da lokaci kake yi. Awannin da hakkin matarka ne da na 'ya'yanka da na mahaifiyarka, ka rubuta musu "na Allah", alhali Allah bai ce ka ƙwato daga hannunsu ka kawo masa ba.

Wani zai jawo maka ayar da ta ce wanda ya fi ƙaunar mahaifi ko ɗa a kan Almasihu bai cancanci zama nasa ba (Matiyu 10:37). Ayar gaskiya ce, kuma iyayenmu a ƙauyukan Malumfashi da Kafur da suka karɓi bishara dangi suka juya musu baya sun san nauyinta fiye da mu. Amma tana magana ne a kan ranar da za a ce ka zaɓa, ko Yesu ko dangi. Ba wanda ya ce ka yi musun Yesu. Cewa aka yi ka dawo gida ƙarfe ɗaya maimakon uku. Wanda ya faɗi wannan aya shi ne yana kan gicciye, cikin azaba, ya tsaya ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa Yahaya.

Ban ɗora maka laifin duka ba, don na san yadda abin yake faruwa a nan ƙasarmu. Ikkilisiyoyinmu a Katsina da Daura ƙanana ne, da yawa daga membobin kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ake ɗauke su kowane lokaci. Masu ilimin riƙe littafin kuɗi ba su da yawa. Da an ga mutum ɗaya mai amana mai iya rubutu, sai a yi ta ɗora masa, yau ma'aji, gobe sakatare, jibi shugaban kwamiti, kamar jakin da bai taɓa tirjiya ba. Mun kuma gaji wani abu daga waɗanda suka kawo mana bishara. Turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda suka fara isowa ƙasar nan a 1893, suka kuma yi jinyar kutare a Babbar Ruga nan kusa da mu, mutane ne da suka ba da ransu da gaske. Biyu daga cikin ukun farko, Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya ɗauke su tun a 1894. Amma na bayansu da yawa sukan kai 'ya'yansu makarantar kwana a Miyango, kusa da Jos, tun suna ƙanana ƙwarai, don hannunsu ya saku su yi aiki, kuma wasu daga cikin yaran da suka girma sun faɗi irin zafin da wannan rabuwa ta bar musu. Masu bisharar zamanin iyayenmu suka ɗauki darasin cewa bawan Allah na gaske shi ne wanda gida ba ya ganinsa. Mun gaji himmarsu, Allah ya saka musu, mun kuma haɗa da kuskurensu.

Akwai kuma wani abu da ba ma son faɗa. Yabo yana da daɗi. A taron dattawa kana magana ana gyaɗa kai. A gida kuwa famfo ya lalace, yarinya ba ta iya lissafi ba, Mama tana ƙorafin gishiri, mata ta gaji ba ta da fara'a. Wanne ya fi sauƙi? Ni na san amsar, don na yi. Ina koyarwa a wani gari nesa da iyalina, ina kuma riƙe da muƙamai uku a ikkilisiya, wata Lahadi aka ba ni wa'azi a makon iyali. Na yi shiri, na zuba ayoyi, jama'a suna ta amin. Muna tafiya gida, ina jiran yabo, sai uwargidana ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wa'azin nan ya yi daɗi. Ina ma a ce mijina ya zo ya ji." Shekara ta fi talatin, har yau in na tuna sai in ji kamar an watsa mini ruwan randa cikin hunturu.

Ka buɗe Fitowa sura 18 a daren nan. Kowa ya san rabinta na biyu, inda Yetro, surukin Musa, ya gan shi zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutane, ya zaɓi amintattu ya sa su shugabannin dubu-dubu, da ɗari-ɗari, da hamsin-hamsin, da goma-goma. Rabin farko ne ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Me ya kawo Yetro jeji tun farko? Matar Musa ya kawo masa, Ziffora, da 'ya'yansa biyu, Gershom da Eliyezer, waɗanda suke zaune a gidan suruki tun da Musa ya mai da su can. Tsohon nan ya zo ya ce wa mutumin da ya raba teku: ga matarka, ga 'ya'yanka. Kashegari kuma ya ce masa ya rage aiki. Musa bai ce ai aikin Allah nake yi ba. Ya ji, ya yi. In Isra'ila ba ta rushe ba don Musa ya raba aiki, ikkilisiyarku ba za ta rushe ba don ma'aji ya ci tuwon rana da iyalinsa.

To ga abin da nake so ka yi. Kwamitin gini, ka ce a'a. Kada ka ce "bari in yi addu'a a kai" alhali ka san amsar, wannan jan rai ne kawai, kuma Fasto zai ɗauka ka yarda. Ka same shi shi kaɗai, da ladabi, ka ce, "Baba, gidana yana yoyo, ni ne kuma ban sani ba. Ba zan iya gina ɗakin sujada nawa ɗakin yana zuba ba." Ka nuna masa 1 Timoti 3:4-5, inda aka sa iya riƙe gida cikin sharuɗɗan shugabanci, aka kuma tambaya yadda wanda ya kasa da gidansa zai kula da ikkilisiyar Allah. Faston kirki zai sa maka albarka. In ya nuna ɓacin rai, ka ba shi lokaci, shi ma yana neman wanda zai rataya wa kaya ne, kuma mai yiwuwa nasa gidan yana da irin wannan labari.

Daga muƙamai ukun da kake riƙe, ka zaɓi ɗaya. Ni da za ka bi tawa, dattijantaka za ka riƙe, ka ajiye waƙa na ɗan lokaci, ka kuma shirya miƙa ma'aji a ƙarshen shekara. Shekara bakwai mutum ɗaya yana riƙe da kuɗin jama'a, ko da ya fi madara fari, ba alheri ba ne gare shi ko gare su. Kai ka fi ni sanin cewa a aikinku ba a barin mai karɓa ya zama shi ne mai ƙirgawa kuma mai ajiyewa. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Tun daga wannan Lahadi ka nemi a naɗa mutum uku-uku masu ƙirga baiko bi da bi, su rubuta, su sa hannu, kai ka duba takarda daga baya. Akwai matasa masu difloma zaune a benci suna jiran a ce musu zo. Ba su iya ba ne don ba ka taɓa matsawa ba. Biki da ta'aziyya kuwa, ba kowanne ne sai da kai ba. Wanda ya zama dole, ka tafi da matarka, ku gaisa, ku dawo tare, ko hirar hanya riba ce.

Amma kafin Fasto, matarka. Ka ce ranka ya ɓaci. Ka ajiye wannan ɓacin ran a tashar mota, kada ka shiga da shi. Bayan yara sun kwanta ka zauna, ka kashe waya, ka ce mata ka yi laifi, ka bar ta da kaya ita kaɗai, ta gafarta maka. Kada ka ƙara da "amma ke ma". Wannan "amma" ita ke mai da roƙon gafara ya koma shari'a. Mu mazan Hausawa, Kirista da Musulmi, mun fi son mu sayo atamfa mu ajiye a kan gado a maimakon mu furta kalma uku. Ka sayi atamfar in kana da hali, amma bakinka take jira. Sa'an nan ka tambaye ta abin da ba ka tambaya a wasiƙarka ba: ita yaya take yi da nata aikin? Ita ma ma'aikaciya ce, tana da rajista da shirin darasi da shugaban da ke duba agogo. Ita ma tana da Zumuntar Mata da take so ta je, da 'yan'uwan da ta daɗe ba ta leƙa ba. Ka tambaye ta wane kaya ɗaya take so a fara sauke mata. Kada ka yi mamaki in ta ce Mama.

Kuma gaskiyarta. Umarnin girmama iyaye kai aka ba a kan mahaifiyarka, matarka taimako take yi saboda ƙauna da tsoron Allah. In kana da 'yan'uwa, ka kira su, a raba: mai kawo kuɗin magani, mai zuwa ya kwana biyu, mai ɗaukar Mama wata guda lokacin hutu. Kai kuma ranar zuwa asibiti awon jini ka sa ta cikin kwanakin da kake gari, ka kai ta da kanka.

Yaron, kada ka taɓa shi da bulala a kan wannan. An riga an hukunta shi, ya yi mako biyu a gida, kuma duka daga hannun uban da bai san abin da ya faru ba sai a bakin maƙwabci ba zai koya masa komai ba sai ƙiyayya. Afisawa 6:4 da ubanni take magana, ta ce kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Har yanzu ba ka san dalilin faɗan ba, ka lura? Ba ka faɗa mini ba don ba ka tambaya ba. Yaro ɗan shekara 14, muryarsa tana fashewa, yana iya zama shi kaɗai ne ko su biyu masu zuwa coci a ajinsu, ana yi masa tambayoyin da ko kai sai ka yi tunani kafin ka amsa. Mai yiwuwa tsokanarsa aka yi, mai yiwuwa shi ne azzalumin, mai yiwuwa abokai ne suka fara ja shi wani wuri. Ba za ka sani ba in ka tsayar da shi a tsakar gida kana zaune yana durƙushe. Yara maza ba sa magana ido cikin ido. Suna magana ne in kuna tafiya, ko kuna gyaran babur, ko kuna cin tsire. In an yi hutu ka tafi da shi Daura kwana biyu. Ya ga ɗakin da kake kwana, ya ga ofishin da kake samo musu abinci, ka kai shi rijiyar Kusugu ya ɗebi ruwa, ku ci abinci a kwano ɗaya. Ka ba shi labarin wata wauta da ka yi kana kamarsa. A hanya zai faɗa maka, ko a wannan tafiyar ko ta gaba. Shekara huɗu suka rage ya kai 18 ya kama gabansa, daidai adadin shekarun da ka riga ka yi a Daura, ka ga kuwa yadda suka wuce.

Ita Daurar ma ba Legas ba ce. Tsakaninta da Katsina kamar kilomita 80 ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. In aljihu zai ɗauka, ko sau biyu a wata, ka zo ran Laraba da rana tana sama, ka kwana, ka koma da sassafe. Ma'aikata da yawa suna haɗa kuɗin mai su bi mota ɗaya, ka tambaya a ofis. Daren da ba ka zo ba, ka sa lokaci ɗaya da kowa ya sani, a ce bayan cin abinci, a buɗe muryar waya, a karanta 'yan ayoyi, yau wannan ya yi addu'a gobe wancan, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya faru da shi. Minti goma sha biyar ya isa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa 'ya'ya maganar Allah ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, da kwanciya da tashi. Malamin Makarantar Lahadi yana da su awa ɗaya ne kawai a mako, ba zai yi maka wannan ba. Hutun shekara kuma da doka ta ba ka, na tabbata ko ba ka ɗauka, ko kana ƙarar da shi a taron ikkilisiya. Bana ka daidaita shi da hutun makaranta, tun da matarka ma lokacin take hutawa. Maganar neman a dawo da kai Katsina, ko ɗauke iyali zuwa Daura, ku zauna ku biyu ku auna ta a ƙarshen shekarar karatu, da kuɗin haya biyu da tukunya biyu a gabanku. Ka rubuta takardar neman canjin wuri tun yanzu, ba ta cin komai, amma kada ka jingina gyaran gidanka da ita, don kai ma ka san yadda fayil ke barci a ofis.

Ka je ka yi wa Alhaji godiya, ya yi maka abin da ɗan'uwa yake yi. Ran Juma'ar nan kuma, in ka sauka daga mota, ka aika wa shugaban mawaƙa saƙo cewa ba za ka samu zuwa ba, ka tsaya ka sayi balangu, ka wuce gida. Yara za su yi ta kallonka suna jiran ka ɗauki littafin waƙa ka fita. Ita kuma mai yiwuwa ba za ta ce maka komai ba a daren farko, ko na biyu, don shekara huɗu ba ta gogewa da balangu. Kada ka yi zuciya ka tashi. Ka gaishe mini da ita da kyau.